Maganin da Ke Bin Ciwo Har Cikin Ƙwayar Halitta

Mai wannan ciwo ba kasafai yake zuwa asibiti da kukan jini ba. Abin da yake kawowa shi ne gajiyar da barci ba ya kawarwa, da gumin dare, da rama, da wani nauyi a gefen hagu na ciki, ƙasan haƙarƙari. Da ya kai loma uku sai ya ji ya ƙoshi. A ƙasashenmu sai a ce saifa ce, a ɗora wa sauro laifi, a sha maganin zazzaɓi zagaye biyu ko uku, a koma na gargajiya, wani ma har a yi masa tsaga a wurin. Ranar da ya faɗa hannun likitan da ya kwantar da shi ya danna cikin, sai a ji saifar ta sauko har ta wuce cibiya. A ɗebi jini. A jikin mai lafiya fararen ƙwayoyin jini ba sa wuce 4,000 zuwa 11,000 a ɗan ma'aunin da ake ƙirga su; a nasa sai a tarar da 100,000, wani lokaci ninkin haka sau uku. Idan aka bar kwalbar gwajin jinin ya kwanta, da ido ake ganin farin layi mai kauri tsakanin jan da ke ƙasa da ruwan da ke sama.

Wannan ita ce sankarar jini mai tafiya sannu, wadda likitoci ke taƙaitawa da CML. Kafin shekarar 2001 hukuncinta sananne ne. Za ta yi 'yan shekaru tana lallaɓawa, ana rage yawan ƙwayoyin da magunguna irin su haidroksiyuriya, wanda masu sikila suka sani, sannan rana ɗaya ta rikiɗe ta yi zafi ta kashe mutum cikin watanni. Rabin masu ita ba sa wuce shekara biyar ko shida. Dashen ɓargo na warkar da wasu, idan an sami wanda ɓargonsa ya dace kuma jikin ya jure. Allurar intaferon na jan rai, amma tana sa mutum ya rayu cikin masassara. Yau wanda aka gano shi da wuri, ya kuma samu ƙwayar magani guda yana sha kullum, tsawon ransa ya kusa daidai da na maƙwabcinsa mai lafiya. Abin da ya kawo wannan sauyi dabara ce da yanzu ake gwadawa a kan amosanin gaɓɓai, da cututtukan fata, da na hanji, da na ido: a gano enzayim ɗin da ke isar da saƙon ɓarna a cikin ƙwayar halitta, a ƙera abin da zai toshe shi, shi kaɗai.

Yadda saƙo ke tafiya

Ƙwayar halitta ba ta yin gaban kanta. Ba ta rabuwa biyu, ba ta shan suga daga jini, ba ta tayar da kumburi don yaƙar cuta, sai an aiko mata. Saƙon kan zo daga waje, ta hanyar sinadari irin su insulin, ya tsaya a bangonta, don yawanci ba ya shiga ciki. Daga nan sai a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya kai tsakiya inda ake yanke shawara. Wanda ya san yadda umarni ke fitowa daga fada ya san tsarin: sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, mai unguwa ya sa a yi shela. Kowa a layin yana jiran na sama da shi, kuma da an gama sai a yi shiru. Ciwo na faruwa ne idan wani a tsakiyar layin ya fara ba da umarni ba tare da an aiko masa ba, ya kuma ƙi dainawa.

Masu miƙa saƙon nan enzayim ne, wato furotin masu gudanar da aiki a jiki, kuma mafi shahara a cikinsu su ne dangin da ake kira kinas. Aikinsu ɗaya ne. Kinas kan ɗauko ɗan guntun fosfet daga ATP, sinadarin da ke riƙe da ƙarfin aikin jiki, ya liƙa shi a jikin wani furotin. Wannan liƙi yana canza siffar furotin, ya tashe shi aiki ko ya kwantar da shi. Akwai kuma wasu enzayim, fosfatas, masu cire abin da aka liƙa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka fara gano wannan a tsakiyar shekarun 1950 a Jami'ar Washington da ke Seattle, suna nazarin yadda tsoka ke fasa sugar da ta adana. Sai a 1992 aka ba su kyautar Nobel. Da aka karanta taswirar gadon ɗan Adam, ƙidayar 2002 ta nuna muna da kinas iri 518. Kusan babu wani aikin jiki da ba hannun ɗayansu a ciki.

Daga Filadelfiya zuwa Basel

A 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka duba ƙwayoyin jinin masu CML a madubin likita suka ga ɗaya daga cikin kuromosom ɗinsu, wato zaruruwan da ke ɗauke da umarnin halitta, ya gajarce. Suka duba wani majinyacin, haka. Wani ma haka. Aka sa wa guntun sunan birnin. Amma shekara 13 ana ɗauka cewa wani yanki ne kawai ya ɓata.

Janet Rowley ce ta warware shi a 1973. Likita ce a Jami'ar Shikago, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ke yawan aiki daga gida. Takan ɗauki hotunan kuromosom da aka rina da sabon launi mai fitar da zane-zanensu, ta yayyanka su da almakashi, ta jera su a kan teburin cin abinci biyu-biyu, tana gargaɗin yara kada su hura mata su. A kan wannan tebur ta lura cewa yankin da ya ɓata daga kuromosom na 22 bai ɓata ba, yana nan manne a gindin na 9, shi ma na 9 ya ba da ɗan nasa. Musanya aka yi. Bayan shekara goma da wani abu aka gano abin da ke wurin haɗin. Umarnin ƙera wani kinas mai suna ABL ya haɗe da wani umarnin mai suna BCR, suka haifi sabon enzayim, BCR-ABL, wanda ya rasa sashen da ke tsayar da shi. Dare da rana yana cewa ɓargo ya ƙara fararen ƙwayoyi. A 1990 aka sa wannan umarni a ɓargon ɓeraye, suka kamu da ciwon. Ya kamata a faɗa a nan, saboda abin da kan biyo baya a gidajen aure: wannan musanya a cikin ƙwayar ɓargo guda take faruwa bayan an haifi mutum. Ba a gadonta daga iyaye, ba a ba wa 'ya'ya, ba a ɗaukarta a kwano ko a shimfiɗa.

An san mai laifi ke nan, amma manyan masana da yawa sun ce kama shi ba zai yiwu ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Kowane kinas yana da gurbin da ATP ke zama, kuma gurbin nan ya yi kama a dukkan dangin. Duk abin da ya toshe na ɗaya, in ji su, zai toshe na ɗari, mutum ya mutu da magani kafin ciwo ya kashe shi. Suna da misali a hannu: wani sinadari, sitorosforin, da Jafanawa suka samo daga ƙwayoyin cikin ƙasa, yana kashe kusan kowane kinas da ya tarar.

A kamfanin Ciba-Geigy da ke Basel a Suwizalan, wata 'yar ƙungiya ƙarƙashin Alex Matter da Nicholas Lydon ba ta yarda ba. Masanin haɗa sinadarai Jürg Zimmermann ya yi ta ƙara wannan yana rage wancan a jikin wani sinadari, Elisabeth Buchdunger tana gwada kowane samfur. A 1992 suka samu wanda ke kama ABL da wasu kinas biyu kacal, ya ƙyale saura. Daga baya aka fahimci dalili: yana shiga gurbin ne lokacin da enzayim ɗin ke kwance bai tashi aiki ba, kuma a kwancen nan kowane kinas da irin naɗinsa. Brian Druker, likitan sankara a Portland ta jihar Oregon, wanda ya gaji da yi wa iyalai ta'aziyya, ya karɓi samfurin ya zuba a kan ɓargon majinyata a ɗakin gwaji. Ƙwayoyin sankara suka mutu, masu lafiya suka ci gaba da girma. Duk da haka sai da ya yi ta naci. Ciba-Geigy ta haɗe da Sandoz a 1996 suka zama Novartis, kuma ciwon da bai fi kama mutum ɗaya ko biyu cikin 100,000 a shekara ba, ba kasuwa ba ce mai jan hankalin kamfani.

A watan Yuni na 1998 aka fara ba mutane. Waɗanda aka zaɓa duk intaferon ta gaza musu, wasu sun riga sun yi wasiyya. Cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, 53 jininsu ya dawo daidai, galibi cikin makonni huɗu. Masu aikin gwajin magungunan sankara sun saba murna idan biyu cikin goma sun ɗan samu sauƙi. Majinyatan da kansu suka yaɗa labarin a intanet, suka tara sa hannun dubban mutane suna roƙon kamfanin ya ƙara yawan abin da yake sarrafawa. Ranar 10 ga Mayu, 2001, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi bayan nazarin da bai kai wata uku ba. Sunansa imatinib, ana sayar da shi da sunan Gleevec a Amurka, Glivec a sauran duniya. Babban gwajin da ya biyo baya, na mutum 1,106, ya nuna kashi 89 cikin 100 na masu shan imatinib na raye bayan shekara biyar, kashi 83 bayan shekara goma, kuma da yawa daga waɗanda suka rasu ba wannan ciwo ne ya kashe su ba.

Zama da maganin

Abin da imatinib ya yi shi ne ya mai da ciwon ajali ciwon zama da shi, irin hawan jini. Ana shan miligiram 400 sau ɗaya a rana, a tsakiyar abinci, da babban kofin ruwa, don kada ya tayar da zuciya. Da safe mai shansa kan tashi fatar idonsa a kumbure. Tsokar ƙafa na ɗaurewa cikin dare. Ga baƙar fata akwai wani abin da littattafan farko ba su damu da shi ba: launin jiki kan yi haske, saboda ɗaya daga cikin kinas biyun da maganin ke taɓawa, mai suna KIT, shi ke kula da ƙwayoyin da ke rina fata. Magidanci ya koma gida ana yi masa kallon mai shafe-shafe, alhali magani ne. Ya dace likita ya faɗa masa tun ranar farko, ya faɗa wa iyalinsa.

Mafi nauyi shi ne batun haihuwa. Maganin na iya cutar da ɗan tayi, don haka mace ba ta ɗaukar ciki tana shansa sai da shirin likita. A Turai da Amurka wannan bai cika tasowa ba, don yawancin masu ciwon sun kai sittin. A Afirka kuwa masu zuwa asibiti da shi galibi 'yan shekara talatin da wani abu ne, masu tsakiyar aure da haihuwa. Matar da aka ce ta dakata da ciki shekara da shekaru, a gidan da ake ƙirga mata watanni, ta san abin da wannan shawara ke nufi fiye da wanda ya rubuta ta.

Sannan ga tsallake. Wanda ya ji sauƙi sai ya fara mantawa, ko ya riƙa raba abin wata ɗaya ya kai shi biyu. Wani bincike a Asibitin Hammersmith na Landan, wanda aka wallafa a 2010, ya sa na'ura a murfin kwalbar magani tana ƙirga buɗewa. Waɗanda suka sha fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsu, kusan dukkansu ciwon ya kwanta can ƙasa. Waɗanda suka gaza haka, ko kashi 30 ba su kai wannan matsayi ba. Ƙwaya uku ko huɗu a wata ita ce tazarar.

Ciwon ma ba ya zama wuri ɗaya. Tun 2001 Charles Sawyers da abokan aikinsa suka nuna cewa a jikin wasu majinyata enzayim ɗin kan canza siffar gurbinsa, maganin ya kasa shiga. Sai aka ƙera dasatinib a 2006, nilotinib a 2007. Wani canjin da ake kira T315I ya gagari dukkansu har ponatinib ya fito a 2012, shi kuma aka tarar yana toshe jijiyoyin jini, aka dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci a 2013 kafin a dawo da shi da sharuɗɗa. A 2021 aka samu asiminib, wanda ya bar gurbin ATP gaba ɗaya ya kama enzayim ɗin ta wani lungu daban. A ɗaya gefen kuma akwai albishir. Wani gwaji a Faransa ya nuna a 2010 cewa cikin waɗanda ciwonsu ya ɓace daga awo na aƙalla shekara biyu, kusan huɗu cikin goma na iya daina shan magani ciwon bai dawo ba. Sharaɗin shi ne a riƙa auna jininsu kowane wata a farko.

Inda ciwon ba shi da uba ɗaya

Nasarar imatinib ta ruɗi mutane da yawa, har da masana. Kamfanoni suka yi caa a kan kinas, kuma yau magungunan irin wannan da hukumar Amurka ta amince da su sun haura 70. Amma CML ciwo ne na daban: kuskure ɗaya ne ke riƙe da shi duka. Sankarar huhu ko ta fata mai yaɗuwa tana da kurakurai da yawa, idan aka toshe hanya ɗaya sai ta bi wata. Shi ya sa wasu magungunan kan narkar da ƙari cikin makonni, iyali su yi ta godiya, bayan watanni kuma ya dawo.

A wajen sankara, inda dabarar ta fi yin tasiri shi ne cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita. Mai amosanin gaɓɓai irin wannan kan tashi da safe yatsunsa a sandare, sa'a guda bai iya riƙe buta ba, shekaru na tafiya gaɓoɓin na karkacewa. Sinadaran da ke hura wannan kumburi suna da yawa, amma da dama daga cikinsu ta ƙofa ɗaya suke shigar da saƙonsu, wato wasu kinas huɗu da ake kira dangin JAK. A tsakiyar shekarun 1990 aka gano cewa jariran da aka haifa ba JAK3 ba su da garkuwar jiki kusan sam. John O'Shea na cibiyar binciken lafiya ta Amurka da wasu suka ce, to idan rashinsa baki ɗaya na kashe garkuwa, rage shi kaɗan zai iya kwantar da wadda ta yi yawa. Kamfanin Pfizer ya bi wannan tunani, tofasitinib ya fito a 2012. Ƙwaya ce da ake haɗiya, ba ta bukatar firji ko allura kamar magungunan da suka gabace ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ba ta tsayawa. 'Yan uwanta suka biyo baya, ana ba da su don gyambon hanji, da ƙaiƙayin fata mai tsanani, har da ciwon da ke zubar da gashin kai, wanda aka amince wa barisitinib a kansa a 2022.

Sai dai JAK ba ɓataccen enzayim ba ne kamar BCR-ABL. Lafiyayye ne, jiki na bukatarsa kullum, kuma toshe shi na da farashi. An bi mutum 4,362 masu amosanin gaɓɓai, 'yan shekara 50 zuwa sama da ke da haɗarin ciwon zuciya, na kimanin shekara huɗu. Cikin masu shan tofasitinib kashi 4.2 suka kamu da sankara, masu tsohuwar allura kashi 2.9. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki kashi 3.4 a nan, 2.5 a can. A Satumba 2021 hukumar Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalin magungunan. Tazarar ba ta da girma, kuma ga wanda ciwo ya hana shi sa riga da kansa, yana iya cewa ya ji ya gani. Amma haƙƙinsa ne a gaya masa kafin ya haɗiya.

A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. Duk maganin da ke kwantar da garkuwa yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance a huhu shekaru ba a sani ba, da ciwon hanta nau'in B. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a duk yankin Sahel. Shi kansa imatinib an san yana farfaɗo da ƙwayar cutar hantar. A inda aka ƙera waɗannan magunguna, gwajin tarin fuka da na hanta kafin a fara sha ƙa'ida ce da ba a tsallakewa. A inda ake iya sayen kusan komai a kemis ba takardar likita, ranar da araharsu ta iso ba tare da gwajin ba, za a yi asarar rayuka da sunan magani.

Akwai kuma wuraren da aka yi ta haƙa ba a tarar da ruwa ba. Wani kinas mai suna p38 ya yi kyau sosai a ɗakin gwaji, kamfanoni da dama suka zuba dukiya a kansa don amosanin gaɓɓai, amma a jikin mutane kumburin kan sauka na 'yan makonni ya sake hawa. An gwada toshe GSK-3 don cutar mantuwa ta tsufa, bai yi ba. Ciwon suga, wanda ya cika asibitocinmu, har yanzu ba shi da nasa imatinib ɗin. Metfomin da miliyoyi ke sha yana tayar da wani kinas mai lura da ƙarfin jiki, AMPK, amma an fara ba da shi tun 1957, an kuma gano wannan alaƙa ne a 2001, kuma har yau masana na jayayya kan ko ta nan yake yin yawancin aikinsa. Suga da hawan jini da ƙiba cututtuka ne da abinci da zama da gado da shekaru suka taru suka haifa, ba wani enzayim guda da za a nuna da yatsa. Abin da ya ɗan faranta rai shi ne na ido. Ɗigon ripasudil da Jafan ta amince da shi a 2014, da netarsudil a Amurka a 2017, suna toshe kinas mai suna ROCK, su sassauta magudanar ruwan ido, matsin ya sauka. Hawan jinin ido na makantar da baƙar fata da wuri fiye da sauran jinsi, don haka wannan ya cancanci likitocinmu su sa masa ido.

Kuɗi, nisa, da awo

Maganin da za a sha har ƙarshen rai, farashinsa ɓangare ne na ingancinsa. Glivec ya fito a kan kimanin dala 26,000 a shekara. Maimakon ya sauka, sai ya yi ta hawa har ya haura dala 90,000 a 2012 a Amurka, abin da ya sa ƙwararrun likitocin CML fiye da 100 suka haɗu suka rubuta ƙorafi a 2013. A Afrilun 2013 kotun ƙolin Indiya ta ƙi ba Novartis haƙƙin mallaka a kan sabon samfurin maganin, kamfanonin Indiya suka ci gaba da yin nasu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib cikin jerin magungunan da bai kamata kowace ƙasa ta rasa ba.

Gaskiya kuma sai a faɗe ta duka. Kamfanin Novartis ya buɗe shirin ba da maganin kyauta ga ƙasashe matalauta jim kaɗan bayan fitowarsa, tare da Gidauniyar Max da ke Seattle, wadda aka sa wa sunan wani matashi da wannan ciwo ya kashe. Dubun-dubatar mutane sun rayu ta wannan hanya. A Najeriya shirin ya fara a 2003, cibiyarsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kuma shekaru da dama can ne masu ciwon daga kowace kusurwa ke zuwa karɓa. Maganin kyauta ne, mota ba kyauta ba ce. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai kwana a hanya, ya nemi masauki a garin da bai san kowa ba, ya bar gona ko shago, ya sake yin haka bayan 'yan watanni. Wanda ya kasa haɗa kuɗin mota a wannan zagayen, shi ne mai tsallaken da aka ƙirga a Landan, sai dai shi ba mantuwa ce ta hana shi ba.

Sai babban giɓin, wato awo. Imatinib ba ya yi wa kowace sankarar jini aiki, galibi sai mai BCR-ABL. Kafin a ba mutum dole a tabbatar yana da shi. Bayan an fara kuma, ƙirga fararen ƙwayoyi bai isa ba, domin jini kan yi kyau a ido alhali ciwon na nan a ɓoye. Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne wanda ke auna yawan saƙon BCR-ABL ɗin kansa a cikin jini, kowane wata uku a farko. Likita na so ya ga ya sauka ƙasa da kashi 10 a wata na uku, ƙasa da kashi 1 a wata na shida, ya kai 0.1 a shekara guda. Da wannan lamba ake sanin wanda maganin ya fara gaza masa tun akwai lokacin canza wani, da ita ake sanin matar da za ta iya dakatawa ta ɗauki ciki, da ita ake sanin wanda zai iya ajiye maganin baki ɗaya. Wanda ba a yi masa awon, ko shekara goma ya yi yana sha, ba a san inda yake ba sai ranar da saifar ta sake tasowa, kuma a lokacin sau da yawa an makara.

A da wannan gwaji sai babban ɗakin bincike da ƙwararrun ma'aikata. Yanzu akwai hanya mafi kusa. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita don gano tarin fuka a ƙarshen 2010, an rarraba ɗaruruwanta a asibitocin Najeriya, har da na jihohin Arewa, kuma Nijar ma na da nata. Kamfanin da ke yin ta yana yin wani ƙaramin kwanso na BCR-ABL da ke shiga na'urar nan dai, a zuba jinin da aka shirya, sakamako ya fito cikin 'yan sa'o'i. Na'urorin na nan, masu sarrafa su na nan, an horar da su. Abin da ya rage shi ne kuɗin kwanson, da izinin shirin yaƙi da tarin fuka a yi amfani da na'urarsa don wani ciwon, da likitan jini a Kano ko Zariya ko Damagaram da zai karanta lambar ya yanke hukunci. Waɗannan abubuwa uku ne da ma'aikatar lafiya ta jiha ɗaya za ta iya zama ta daidaita cikin kasafin shekara guda.